Daga Gusau Zuwa Essawira: Shirinmu Na Zuwa Bikin Kiɗan Ginawa

Idan aka ambaci Maroko a Gusau, manya birnin Fas suke tunawa da ziyarar Shehu Ahmadu Tijjani, matasa kuma su tuna ƙwallon duniya na 2022 da ƙasar ta kai wasan kusa da na ƙarshe. To akwai wani ƙaramin gari a bakin Tekun Atlantika, sunansa Essawira, wanda a watan Yuni yake cika maƙil da baƙi saboda bikin kiɗan Ginawa da aka fara tun 1998. Can muka sa gaba mu huɗu: ni da maigidana, da yayata da ke aure a Tsafe, da ƙawarmu malamar makaranta a Bungudu.

Na san tambayar da ke bakinku, 'yan'uwa, don surukata ta riga ku yi mini ita: me zai kai matan aure daga Zamfara wata uwa duniya don kallon kiɗa? Ku ba ni aron kunnuwanku.

Su wane ne Ginawa?

Ginawa jikoki ne na mutanen da aka kwasa daga ƙasashenmu na Yammacin Afirka, aka ƙetara hamada da su a matsayin bayi, ɗaruruwan shekaru da suka wuce. Harsunansu sun narke cikin Larabci da harshen Barbar, amma kiɗansu bai narke ba. Har gobe a cikin waƙoƙinsu suna kiran sunayen Bambara da Fulani da Hausa, wato asalin da aka raba su da shi. A watan Disamba na 2019 hukumar UNESCO ta sa wannan kiɗa cikin jerin al'adun gado na duniya.

Duk wadda ta tashi a ƙasar Hausa, ta ga kayan kiɗansu sai gabanta ya faɗi. Babban abin kiɗan, gimbiri, tsirkiya uku gare shi, an rufe shi da fatar raƙumi, kamar ɗan'uwan molo ko garaya da ya yi ƙiba a baƙon wuri. Akwai ƙarafan da suke kaɗawa a hannu, ƙaraƙib, waɗanda ba su da maraba da sambanin da iyayenmu mata ke bugawa. Babban gangarsu kuwa, a wasu wuraren sunanta ganga, yadda muke faɗa. Shugaban makaɗa ana ce masa ma'allam, tushensu ɗaya da malam ɗinmu. Hulunansu da wuri ake yi musu ado.

Shi kansa garin ba baƙon tarihinmu ba ne. Sarkin Maroko Sidi Muhammad bin Abdullah ne ya gina shi a shekarun 1760, Turawa suna ce masa Mogador. Ayarin raƙuma daga Tambutu nan suke sauke zinariya da gashin jimina a loda wa jiragen ruwa, har aka yi masa laƙabi da tashar ruwan Tambutu. Tsohon garin da ganuwarsa sun shiga jerin wuraren tarihi na UNESCO a 2001.

Wa zai hau dandali?

Masu shirya bikin sukan fitar da sunayen makaɗa idan lokaci ya matso, shi ya sa mu uku muke ta duba waya kamar masu jiran sakamakon jarrabawa. Kowacce da gwaninta, kuma kullum sai mun yi gardama a kai.

Yayata Hamid El Kasri take fatan gani. Muryarsa mai kauri ce, irin wadda ke cika fili ba tare da ya yi ihu ba, yana ja 'yan amshi suna karɓa. Ta ce duk lokacin da ta ji shi sai ta tuna yadda Musa Ɗanƙwairo ke jan waƙa, yaransa suna karɓe ta tun kafin ta faɗi ƙasa.

Ni kuwa Asmaa Hamzaoui nake jira. 'Yar Kasablanka ce, a hannun mahaifinta ta koyi gimbiri, abin da aka daɗe ana ɗauka sana'ar maza ce zalla. Ta kafa ƙungiyar mata mai suna Bnat Timbouktou, wato 'yan matan Tambutu. Ina son in ga yadda mace ke riƙe dandali da mutuncinta, yadda marigayiya Barmani Choge ta riƙe nata da ƙwarya.

Ƙawarmu ta Bungudu abin da ke burge ta daban ne. Al'adar bikin ce a haɗa ma'allam da baƙon makaɗi daga wata ƙasa, su hau tare su nemi inda kiɗansu zai haɗu. A 2025 ɗan Najeriya CKay ya je. Burinta a wayi gari an gayyaci mai kalangu ko mai kotso daga Arewa, a ji yadda gimbiri zai amsa masa. Akwai kuma wanda babu mai sake ganinsa, Mahmoud Guinia, ɗan asalin garin da ya rasu a 2015, amma ɗansa Houssam ya ɗauki gimbirin gidan.

Wani abu da ya kamata in faɗa a fili: asalin wannan kiɗa yana da alaƙa da wani taron dare da ake kira lila, mai turare da hawan iska, wanda duk Bahaushiya za ta gane kamarsa da bori. Wannan ba shi zai kai mu ba, kuma ba za mu je shi ba. Namu shi ne babban filin Moulay Hassan, inda iyalai ke tsayawa da 'ya'yansu, kuma yawancin wasannin fili kyauta ne. Garin na Musulmi ne, masallatai a ko'ina, abinci ba abin ɗar-ɗar. Kowa ya san iyakarsa, tafiya ta yi masa daɗi.

Hanya da guzuri

Abin mamaki, ba jirgin sama ne ya fi cin tunaninmu ba, a'a, fita daga Zamfara. Hanya biyu ce a gabanmu. Ko dai mu bi ta Kwatarkwashi da Tsafe zuwa Funtuwa, Zariya, Kaduna har Abuja, ko mu bi ta Bungudu, Maru da Talatar Mafara zuwa Sakkwato mu hau jirgi zuwa Abuja. Duk wadda ke zaune a jihar nan ta san halin da hanyoyin suke ciki. Shawararmu ita ce tafiyar hantsi, ba sammakon duhu ba, ba yamma ba, kuma mu kwana biyu a Abuja kafin ranar tashi don kada gaggawa ta sa mu yi ganganci.

Daga Abuja jirgin Royal Air Maroc yana zuwa Kasablanka. Daga nan sai jirgin ƙasa zuwa Marrakesh, sannan bas ta kimanin awa uku zuwa Essawira, don layin dogo bai kai garin ba. 'Yan Najeriya sai da biza, saboda haka fasfo da takardun masauki su kammala da wuri. Masauki kuwa tun watanni kafin bikin ake kama shi, domin garin ƙarami ne, baƙi kuma sun fi ƙarfin ɗakunansa.

Ga ta bakin ma'aikaciyar jinya. Katin allurar shawara wajibi ne ga mai fita daga Najeriya, kuma ba ya fara aiki sai bayan kwana 10 da yin allurar, amma sau ɗaya ya isa har ƙarshen rayuwa. Mai hawan jini ko ciwon suga ta riƙe maganinta a jakar hannu tare da takardar likita, kada ta sa a babban akwati. Mai juna biyu da ya tsufa ta haƙura sai wata shekarar. Kuma kada sunan bazara ya ruɗe ku: Essawira garin iska ne, dare na yi sanyin teku ke sauka, don haka rigar sanyi da mayafi mai kauri su shiga kaya. Cikin tsohon garin mota ba ta shiga, da ƙafa ake yawo, kaya kuma a kura, sai a nemi takalmi maras tsini.

Kuɗin fa? Adashe muka kafa mu uku, kowacce tana zubi duk ƙarshen wata, da sharaɗi ɗaya: ba a taɓa kuɗin makarantar yara, ba a ci bashi. Idan bai isa bana ba, bikin ba ya gudu. Ni kuma tun yanzu na nemi hutuna, don da damina ta kankama zazzaɓin sauro ke cika mana gadaje, ba lokacin barin abokan aiki cikin wahala ba ne. Yara suna makaranta a watan Yuni, za su zauna wurin kakarsu, an kuma yi musu alkawarin tsaraba. Ita ma kakar an yi mata alkawarin man argan, wanda ƙungiyoyin matan yankin ke tatsa da hannunsu.

Abin da zan je nema

Ƙasar da ta haifi Narambaɗa a Tubali, da Salihu Jankiɗi a Rawayya, da Sa'idu Faru, da Kassu Zurmi, ba za a koya mata kiɗa ba. Amma yau 'ya'yanmu a waya kawai suke jin muryoyin nan, kuma a ƙauyuka da yawa ana magariba kowa ya kulle ƙofa, wasan dandali ya zama labari. Mutanen da aka raba da gida da harshe sun riƙe kiɗansu har duniya tana zuwa musu, mu da muke zaune a tushen muna kallon namu yana ɓacewa.

Ina son in ga yadda suka yi: yadda ake koya wa yaro a gida, yadda ake girmama tsohon makaɗi, yadda gari ke cin abinci daga al'adarsa. Allah ya ba mu zaman lafiya, wata rana a gindin dutsen Kwatarkwashi za a kafa irin wannan dandali, mu ne masu masaukin baƙi. Wadda ta taɓa bin hanyar Kasablanka zuwa Marrakesh, don Allah ta ba mu shawara kafin mu ɗaure kaya.