Kafin Magani Ya Shiga Leda

A da, a ƙasar Kabi, mutum ba ya shan magani sai ya ga sassaƙen ko saiwar a yadda Allah ya halicce su. Mai magani a kasuwar Argungu ko ta Birnin Kebbi yakan shimfiɗa buhu ya jera kayansa ɗauri-ɗauri: ga saiwar sanya, ga sassaƙen maɗaci, ga 'ya'yan bagaruwa, ga ganyen sabara da na filasko. Babu dakakke a ciki. Mai saye zai ɗauka ya jujjuya, ya shinshina, ya karya, wani lokaci har ya ɗan tauna. Daka kuwa sai an koma gida, a turmin gidan, a gaban idon mai jinya. Ba wanda ya rubuta wannan tsari a matsayin doka, amma ya tsare lafiyar mutane fiye da yadda muke zato, kuma a cikin duk abin da ya shafi maganin gargajiya shi muka fi yin asara.

Ilimin bai taru a hannun mutum ɗaya ba, kowace sana'a da nata rabon. Sarkawa, wato masunta, ake kai wa wanda ƙayar kifi ta maƙale wa a wuya, su ne kuma ake tambaya game da sanyi da sauran cututtukan da zaman ruwa ke kawowa. Maƙeri ya san ƙuna, maɗori ya san karaya da targaɗe, maharbi ya san sarar maciji, wanzami na da ƙahonsa da maganin jarirai, ungozoma da 'yar mai ganye kuwa su ne likitocin mata da goyo. Kowannensu gadon gidansu yake yi, kuma duk gari an san gidan. In magani ya yi ɓarna, an san ƙofar da za a yi wa sallama. Wanda zai haɗu da kai gobe a masallaci, jibi a wurin suna, ba ya wasa da abin da zai ba ɗanka ya sha.

Fadamar Rima da tudun da ke kewaye da ita sun ba su itatuwa iri biyu. A bakin ruwa akwai giyayya da tafashiya, waɗanda ake nema idan masassara ta sauka da damina. A kan tudu akwai sabara da kalgo da marke da aduwa. Ɗibar kowanne na da lokacinta. Saiwa an fi son ta bayan kaka, sa'ad da itace ya karkaɗe ganye, ƙarfinsa ya koma ƙasa. Ganye da hantsi ake tsinkarsa, bayan raɓa ta bushe. Sassaƙe kuwa daga gabas da yamma ake ɗebo shi. Wasu sun ɗauki wannan a matsayin asiri, har sukan yi wa itacen sallama su zuba masa 'yan ƙwayoyin gero, abin da malamai suka daɗe suna ƙyama. Ko me ya sa aka fara shi, amfaninsa a fili yake: wanda ya sassaƙi gefe biyu ya bar wa itacen gefe biyu da zai ci gaba da rayuwa, baɗi ya dawo ya tarar ya warke. Haka saiwa, a yanki reshe ɗaya a mayar da ƙasa a rufe.

Shanya a inuwa ake yin ta, a kan rumfa ko a ƙarƙashin rumbu inda iska ke ratsawa, domin rana na cinye launin ganye da ƙamshinsa. In ya bushe sai a sa a ƙwarya ko a tulu, ko a rataye kusa da murhu hayaƙi ya kori ƙwari. Daga nan kowane magani da hanyarsa. Wani jiƙo ne, a zuba masa ruwa ya kwana. Wani sai an dafa shi da jar kanwa a sabuwar tukunya. Akwai tsimi, da ke daɗewa a tulu, akwai gari da ake sha a kunu ko a fura, akwai turare da surace, akwai wanda ake kwaɓawa da man shanu ko man kaɗe a shafa.

Inda na fi son in daɗe shi ne wurin tantancewa, don a nan gwanintar take. Kakata ta wajen uwa, wadda muke kira Inna, ba ta sayen sassaƙe sai ta karya shi a kusa da kunnenta. In ya ce ƙas, ya bushe. In ya lanƙwashe, da sauran danshi, kuma a wurinta mai danshi ya riga ya fara lalacewa ko da ido bai gani ba. Sai ta buga shi a tafin hannu ta duba ko gari zai zubo, alamar ƙwari sun riga ta. Saiwar sanya da farce take kankare ta ta kai hanci. Ta ƙwarai tana da wani ƙamshi mai ratsa kai irin na man zafi, wadda ta daɗe kuwa shiru kake ji. Maɗaci a harshe ake gane shi, bagaruwa kuma in ba ta ɗaure maka baki da ɓauri ba, to ba ta da aiki. In abu bai yi mata ba sai ta miƙa wa mai shi ta ce, "Malam, wanga ya kwan biyu, kawo na bana." Shi kuma ya yi dariya ya ce, "Inna, ke kam ba a yi maki wayo," ya jawo wani ɗaurin daga ƙarƙashin buhu.

Hancinta da harshenta ba su yi ƙarya ba. Ƙamshin nan na sanya, sinadari ɗaya ne da wanda ake sawa a man zafi na kanti. Ɓaurin bagaruwa shi ne abin da majema ke nema don jimar fata, shi ne kuma ke ɗaure ciki idan ana zawo. Filasko har yau daga danginsa ake yin ƙwayoyin wankin ciki da ake sayarwa a kantunan magani na duniya.

Ba a baka kaɗai ilimin ya tsaya ba. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya rasu a 1837, ya wallafa littattafai da dama a kan magani, ciki har da ɗaya a kan filasko da yadda ake wanke ciki da shi, da wani a kan magungunan basir. Malam Abdullahi na Gwandu ma ya yi littafin Masalih al-Insan, wanda ya haɗa gyaran addini da lafiyar jiki. Tun daga 1805 da aka ci Birnin Kebbi, Kabawa da Gwandu sun daɗe ba sa ga maciji, amma filaskon da malami ya karanta a takarda a Gwandu shi ne dai wanda Bakabe ke tsinkowa a bayan gari. Da Turawa suka zo, wani likitansu mai suna J. M. Dalziel ya bi mutane yana tambayar sunayen itatuwa da amfaninsu, ya fitar da ƙamus na sunayen tsirrai da Hausa a 1916, sannan babban littafinsa na itatuwa masu amfani na Afirka ta Yamma a 1937. Itacen hano, wato ararrabi, sunan Dalziel yake ɗauke da shi a kimiyance har yau. Abin da ya tara kuwa daga bakin masu saiwa da makiyaya da tsofaffin mata ya fito.

Ba zan ce komai na da daidai ne ba. Babban raunin shi ne awo. Cikin tafi, yatsu uku, ludayi ɗaya, rabin moɗa: tafin wani ba na wani ba ne, kuma itacen tudu ba ƙarfinsa ɗaya da na fadama ba. Sanya, duk da ana kiranta uwar magunguna, in ta yi yawa kisa take yi. Kunun kanwa da kwanciya a gadon wuta na masu jego, tun a shekarun 1970 likitoci a Zariya suka nuna alaƙarsu da ciwon zuciyar da ke kama mata bayan haihuwa. Turawa ma a wannan matsala suka daɗe. Sun yi shekaru suna shan garin sassaƙen wani itace na Kudancin Amurka don masassara, wani ya warke wani bai warke ba, sai a 1820 wasu Faransawa biyu suka ciro kwinin daga cikinsa, aka samu abin da za a ɗora a ma'auni.

Wanda ya shiga ɗakin gwaji na sashen nazarin magungunan itatuwa a Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ke Sakkwato, ko a Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, zai ga da tambayoyin Inna ake farawa. Launi, ƙamshi, ɗanɗano da yadda abu ke karyewa su ne matakin farko, haka ma suke a littafin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 1998 kan gwajin kayan maganin itatuwa. Sannan a wuce inda hanci ba ya kaiwa. A duba garin a madubin likita a ga ko ganyen da aka ce ne. A auna shi, a busar, a sake aunawa, a san yawan danshinsa, domin danshi ke kawo fumfuna, wata fumfunar kuma tana da gubar da ke cin hanta. A ƙona shi a auna tokar, ita ce ke tona asirin wanda ya ƙara yashi ko ƙasa. A ɗiga ruwansa a kan wani faranti na musamman, sinadaran su rarrabu layi-layi, a gwada da na asali. Ta irin wannan hanya cibiyar binciken magunguna ta ƙasa da ke Abuja ta samar da Niprisan don masu ciwon sikila, kuma uku daga cikin kayan haɗinsa huɗu kowace tsohuwa a Argungu ta san su: masoro, kanumfari da karan dafi.

Abin da ke damuna shi ne halin da muke ciki yanzu, mun saki na da, ba mu kama na zamani ba. Injin niƙa ya shigo, magani ya koma gari a ƙulle a leda ko baƙin ruwa a robar da aka sha lemo aka yar. Mai shi baƙo ne, ya zo da mota da lasifika ran kasuwa, ƙulli ɗaya ya ce na basir ne da shawara da sanyi da ciwon suga, kafin la'asar ya wuce wani gari. Gari ba ya karyuwa a kunne, ba a gane ɓawon maɗaci daga ɓawon wani itacen, balle a gane in an zuba ƙwayar Bature a ciki. An kafa NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna, tun 1993, amma yawancin abin da ke leda bai taɓa zuwa gabanta ba. Wanda ma ya samu lambarta, mutane kaɗan ne suka san cewa lambar farko shaida ce ta cewa an duba ba ya cutarwa, ba ta cewa yana warkar da abin da aka rubuta a jikinsa ba.

Dajin ma ya canza. Tun da aka gama madatsar Goronyo a 1984 ambaliyar Rima ba ta zuwa yadda ta saba. Noman shinkafar rani, wanda ya ƙara ƙarfi bayan an ƙaddamar da shirin bashin manoma a Birnin Kebbi a 2015, ya ciyar da gidaje da yawa, ba mai musun wannan, amma ya cinye kurmin bakin ruwa, kuma ganyen da ke gefen gona yanzu feshi yake sha. Masu gawayi sun bi marke da ƙirya. Maɗacin da ya rage a bakin hanya, duba gindinsa ka gani, an zagaye shi da sassaƙa har iya inda hannu ke kaiwa.

Jihar Kebbi na da jami'ar tarayya a Birnin Kebbi da ta jiha a Aliero, kuma har yanzu akwai tsofaffin Sarkawa da 'yan mai ganye da ke iya bambanta saiwa da saiwa ido a rufe. Ina so in ga ɗalibai sun bi su daji da damina da rani, sun adana samfurin kowane itace da sunansa da wurin da aka samo shi da watan da aka ɗebo shi, sannan su auna ludayin tsohuwar su rubuta ko giram nawa ne. A kasuwa kuwa, shugabannin masu maganin gargajiya na iya sa wa 'yan ƙungiyarsu sharaɗi tun daga gobe: duk mai sayar da gari ya ajiye guntun sassaƙen ko saiwar da ya niƙa a gabansa, ya kuma rubuta sunansa da garinsu a jikin ledar.