Amaryarmu Mai Kwaɓa Siminti

Ku matso kusa, 'yan'uwa. Ke ma ƙawata jawo kujerarki nan, shayin cittar bai huce ba tukuna, cittar Kwoi ce mai ratsa maƙogwaro. Tun ɗazu kike tambaya wace ce Amarya da muke ta ambato muna ƙyalƙyala dariya. To, ba mutum ba ce, ɗan injin kwaɓa siminti ne, mai jar tukunya da ƙafafun taya biyu, wanda mu shida muka haɗa kuɗin adashe muka saya. Ranar da aka sauke shi daga motar Jos, Maman 'Yan Biyu ta rangaɗa guɗa har maƙwabta suka leƙo suna tambayar gidan wa aka kawo amarya. Shi ke nan fa, suna ya bi ta, har yau, hahaha!

Kin dai san yadda muke gini a Kafanchan. Wace ce a cikinmu ta taɓa tara kuɗin gida a dunƙule? Albashi ya shigo, a sayi buhu biyu. An sayar da citta ko masara, a ƙara uku. Bana a zuba harsashi, baɗi a kai linta, yara suna girma gini yana girma tare da su. Ku tuna farkon 2024, lokacin da buhun siminti mai kilo 50 ya haura naira dubu goma, yadda muka zauna a wannan tsakar gidan muka yi tagumi. Ga kuɗin mota ya riga ya tashi tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, yashi da tsakuwa duk suka bi sahu. Tun daga lokacin ko cokali ɗaya na siminti ya zube ƙasa sai in ji shi a ƙirjina, wallahi.

Abin da ya kai ni ga shawarar sayen Amarya kuwa daɓen barandata ne. An kwaɓa shi a ƙasa da shebur, kamar yadda aka saba, rana ta take, masu aiki sun gaji, sai aka riƙa ƙara ruwa don kwaɓin ya yi saurin juyuwa. Ban ga laifinsu sosai ba, duk wanda ya juya buhu biyar da hannu ya san abin da bayansa ke gaya masa. Amma damina ɗaya, ɗaya tak, kin san ruwanmu na nan daga Afrilu har Oktoba ba ya wasa, sai ga daɓe yana tashi kamar garin kwaki. Kullum da safe ina shara, tsintsiya tana kwaso min kuɗina. Kai, abin da ciwo.

Amarya kuwa ba ta gajiya, ba ta kuma son kai. Abin da kika ba ta shi za ta mayar miki. Babban magininmu, dattijon nan mai farar hula, shi ya zaunar da mu kamar 'yan aji ɗaya ya koya mana awo: kwanon sarki ɗaya na siminti, wato rabin buhu, biyu na yashi mai kaifi, huɗu na tsakuwa. Tukunyar ba ta ɗaukar fiye da haka, kada ki cika mata ciki. A fara zuba ruwa kaɗan, sai tsakuwa, sai siminti da yashi, sauran ruwan a bi da shi sannu a hankali kamar mai dama kunu. Minti biyu zuwa uku ya isa. Za ki ji muryarta ta sauya, daga ƙaraf-ƙaraf na tsakuwa ta koma wani lufuf-lufuf mai taushi, kwaɓin yana hawa gefe yana faɗowa, yana sheƙi. In aka karkata ta ya sulalo cikin baro, kowace tsakuwa ta sha siminti, babu fari babu baƙi. Antinmu malamar makaranta ta ce ita wannan sautin har barci yake sa ta, muka ce to Anti a kawo miki filo!

Ga wani daɗin da ban zata ba. Da, in ana aiki a gidana, daga nesa nake tsayawa da tiren abinci, ba ni da ta cewa. Yanzu ni ke ƙirga kwano. Na san buhu nawa ya shiga matakalar ƙofata, na san abin da ke ƙarƙashin tankin ruwana. Masu aikin ma sun fi sakewa, aikin da kan kai su magariba yanzu kafin la'asar sun wanke hannu.

Tana da sharuɗɗanta fa, kamar kowace amarya. Wuta take ci, in babu sai a tayar da janareta, kuma wayar a ɗaga ta sama kada ta kwanta cikin ruwa. Hannu ko shebur ba ya shiga tukunya tana juyawa, ko da wasa, yara kuma can nesa. Siminti yana cin fata, sai da safar hannu da takalmin roba. Sannan wanka! Ana gamawa a zuba ruwa da tsakuwa kwano ɗaya a bar ta ta wanke kanta, don in kankare ya kwana a ciki sai guduma, guduma kuma lotsa tukunya take yi. Bayan nan sai shayarwa: kwana bakwai ana yayyafa wa daɓe ruwa safe da yamma, in da hunturu ne a lulluɓe shi da jiƙaƙƙen buhu, ƙarfinsa kuma sai ya kwana 28 yake cika. Abu ɗaya da ba na yarda da shi, ko wace ce ta roƙa, shi ne a ce za a zuba kankaren bene da ita. Wannan aikin babban inji ne da injiniya, rai ne zai kwana a ƙarƙashi.

Wani lokacin da yamma, in ana tura ta daga wannan gida zuwa wancan, yara na biye suna ihu, dutsen Kagoro ya yi shuɗi can nesa, sai in tuna gayyar da iyayenmu ke yi a gona. Mun ma tsara abinmu: ba ta aiki ranar Juma'a, ba ta aiki ranar Lahadi, don kowa ya samu zuwa ibadarsa. Asabar ce ranarta. Mai gida ta dafa, sauran mu ɗebo ruwa, a yi ta hira har a manta da gajiya. Kowace ta yi amfani da ita kuma tana ajiye ɗan wani abu a asusu saboda ranar gyara. Allah sarki, zumunci.

Asabar mai zuwa tana gidan Maman 'Yan Biyu, za a zuba bakin rijiya. Ki zo da wuri, ƙawata, ki ɗauro tsohon zane, ki taho da bokitinki.