Tsuntsayen Sabara a Hanyar Kurfi

Wanda ya tashi daga Katsina za shi Dutsin-Ma, ta Kurfi zai bi. Dama da hagu gonakin gero ne da manyan duwatsu, a tsakaninsu kuwa ga sabara da geza da magarya da aduwa. Idan mai karatu ya tsaya da sassafe zai ji kanari yana rera waƙa a kan reshe. Tsada tana tsintar 'ya'yan ciyawa a ƙasa, da ta hangi shaho sai ta faɗa cikin ƙaya, gama nan ce mafakarta.

Da kaka waɗansu baƙi sukan zo daga Turai, su ƙetare Sahara, su sauka a irin waɗannan itatuwa. A 1969 masu lura da tsuntsaye a Ingila suka ga yawancin wani irin ɗan tsuntsu bai koma ba. Da aka bincika, ashe fari ne ya ƙone masa abinci a ƙasashenmu.

Yau gatari ne ke rage masaukinsu. Ana sare sabara domin girki, ana tone kututture wajen sharar gona. In itace ya tafi, iska ta kwashe ƙasa, tsuntsun da ke cin tsutsa ma ya ƙaura.

Manoman Maradi sun sami dabara tun wajen 1983: sukan bar kututture ya toho, su zaɓi rassa biyu ko uku su raina. Maigida, gwada wannan a gonarka bana, ka kuma hana yara harbin tsuntsaye da danƙo.