Muryar Biyola

Duk sanda na ji biyola, gogen Turawan nan da ya ɗan ɗara biyolin girma da kaurin murya, sai William Primrose ya faɗo mini a rai. A Gilasgo aka haife shi a 1904. Da biyolin ya fara, malaminsa Ysaÿe ya ba shi shawarar komawa biyola, wadda ba a cika sa ta gaba ba a lokacin. Primrose ne ya sa mai tsara kiɗa Bartók ya fara tsara mata kiɗa a 1945.

Ƙarshen rayuwarsa ne ya fi taɓa ni. Jinsa ya raunana, amma bai rabu da ɗalibai ba. Ya koyar a Jami'ar Indiyana, sannan a Jami'ar Brigham Young, yana gyara wa matasa riƙon sandar gogawa, har rasuwarsa a 1982.