Daga Fadikpe Zuwa Gidajen Malam Dendo

Matafiyin da ya tashi daga Fadikpe, cikin Minna, ya bi ta Kpakungu, hanya za ta kai shi Bida, inda zuriyar mutum guda ke riƙe da sarautar Nufawa. Shi ne Malam Dendo, Bafillatanin da ya zauna a Raba. Bayan rasuwarsa, 'ya'yansa Usman Zaki da Masaba suka yi ta jayayya kan mulki. Daga baya aka daidaita a kan karɓa-karɓa tsakanin gidaje uku: nasu biyu, da na jikansa Umaru Majigi. Musa Bello ya hau a 1969, Umaru Sanda Ndayako na gidan Majigi a 1975, Yahaya Abubakar na gidan Usman Zaki a 2003. Shi ya sa ɗan sarki a Bida ba ya wasa da sunayen kakanninsa, domin da su ake lissafin ranar gidansu.