Kafin a Zuba Daɓe

Mu ƴan kimiyyar harshe mun saba da kalmar tushe. A aji, tushe shi ne abin da ya rage idan ka cire wa kalma ɗafe-ɗafenta. Wurin magina kuwa, tushe ko harsashi shi ne abin da ke binne a ƙasa yana ɗauke da ɗaki gaba ɗaya. Bambancin ɗaya ne: tushen kalma idan ka ɓata shi, malami ya ja maka jan biro, shi ke nan. Na gini idan ya karkace, wanda ke kwana a ɗakin ne zai biya, damina bayan damina.

Mutanen Maradi sun san wannan da daɗewa. A 1945 ambaliyar Gulbi ta cinye tsohon garin da ke cikin kwari, dole aka hau da shi kan tudu. Ruwa ba ruwansa da kyan fenti, inda ya fi gangare can yake nufa. Haka yake ga gari, haka yake ga ɗaki mai mita 4 a kan 4.

Irin wannan ɗakin muke gina wa Inna a hutun watan Maris. Yayana da ke nema a Agadas shi ke aiko kuɗin, ni kuma da ke gida aka ce in tsaya kan aiki. An riga an zuba harsashi kafin mu ɗauko maso na biyu, wani dattijo da ba ya son yawan magana. Bai taɓa bulo ko ɗaya ba sai da ya fiddo tiyo, irin wanda ake ganin ruwa ta cikinsa. Ya cika shi da ruwa, ya kaɗa har kumfar iska ta fita duka, don kumfa ɗaya tak tana sa awo ya yi ƙarya. Ya ba ni baki ɗaya na riƙe a jikin turke, shi ya zagaya kusurwa huɗu da ɗaya bakin. Dabarar ba ta da wuya: ruwan da ke cikin tiyo ɗaya, tsayinsa ɗaya ne a bakin nan da na can. Inda ya tsaya sai a shata da gawayi, a auna daga shatar zuwa kan harsashi. Kusurwa uku sun yi daidai. Ta yamma ta yi ƙasa da santimita 7.

Na kira Yaya a salula. Ya ce, "Haba, santimita 7 ɗin me? Ka ce ma Baba ya cika da siminti in ya zo jera bulo. Damina na tahe, kuɗi kuma ba tsinto su nike ba." Ban ga laifinsa ba, shi ya san ranar da yake sha kafin ya haɗa kuɗin buhu ɗaya na simintin Malbaza. Da na faɗa wa maso, sai ya ce, "Ɗana, ce ma yayanka ba tambayar ke nan ba. Tambaya ita ce, mi ya sa ta yi ƙasa?"

Ashe rashin daidaito iri biyu ne. Akwai wanda hannun mai zubi ya kawo: ƙasa na da ƙarfi, awo ne bai yi ba. Wannan maganinsa a kafa katako gefe da gefe daidai da shatar ruwa, a shimfiɗa ƙarfe, a zuba kankare ya zagaye harsashin duka, samansa ya fito sumul. Akwai kuma wanda ƙasa ce ta zauna. Nan komai ka ɗora a sama nauyi ka ƙara mata, za ta ci gaba da nutsewa, bango ya tsage, ƙofa ta ƙi rufuwa. Shi kuwa kwaɓin siminti da yashi da ake sa wa tsakanin bulo, kaurinsa bai kamata ya wuce santimita 1 zuwa 2 ba. Idan aka lafta shi da yawa, yana bushewa yana tsagewa.

Da aka tona kusurwar, sai ga toka, leda da fasassun tukwane. Tsohon rami ne da aka cike da shara. Aka haƙa har aka tarar da ƙasa mai tauri, aka cike da duwatsu da kankare. Cikin ɗakin kuma aka riƙa zuba jar ƙasa kaɗan-kaɗan, kamar santimita 15, a yayyafa ruwa, a kirɓa, sannan a ƙara wata. Ya kuma ɗaga daɓen sama da tsakar gida, don ruwan sama ya tsaya waje. Abin ya ci mana kwana 4 da buhu 3 da ba su cikin lissafi. Yaya ya yi fushi na kwana biyu, daga baya ya aiko kuɗin.

Abin da ya ba ni mamaki, Inna ba ta ga sabon abu a nan ba. Ta ce a zamaninsu mata ke yin daɓe: a baje tsakuwa da ƙasa, a yayyafa ruwa, a yi ta duka da madaɓi ana waƙa, a bi da ruwan makuba na ɓawon ɗorawa don ya yi ƙarfi. Inda ya lotsa ba a rufe shi, sai an cike an sake duka. Kalmar daɓe ta tsira har zamanin siminti, amma haƙurin da ke cikinta ne muke neman yarwa.

Yawancinmu nan gaba kaɗan za a damƙa mana irin wannan amana, don a gida an ɗauka ɗan jami'a ya san komai. Ba sai ka iya gini ba. Ka dai tsaya a ɗora tiyo a gabanka kafin a jera bulo na farko, kuma idan wata kusurwa ta yi ƙasa, ka sa a tona a ga abin da ke ƙarƙashinta.