Mudun Awon Sauƙi

Idan aka je gaida marar lafiya a ƙasar Hausa aka ce masa, "Yaya jiki?" amsar ɗaya ce: "Da sauƙi." Haka zai faɗa ko da ya kwana bai runtsa ba. Wannan amsa ta ladabi ce da tawakkali, kuma ta dace da zaman dubiya. Sai dai likita ba zai iya yanke hukunci da ita ba.

Akwai wata dattijuwa da ciwon gwiwa ya hana ta tsayuwar salla, sai dai ta yi a zaune. Aka ɗora ta a kan magani na wata uku, 'yarta ce ke saye da ɗan abin da take samu a ɗinki. Ranar da suka koma asibiti, likita ya ce, "Mama, yaya gwiwar?" Ta ce, "Da sauƙi, ɗan nan, Allah ya yi albarka." Sai ya nemi ta kwatanta ciwon da lamba, daga 0, wato babu ciwo, zuwa 10, wato mafi tsanani. A zuwan farko ta ce 7, a wannan rana kuwa ta ce 6.

Shin wannan maki ɗaya sauƙi ne na gaske? Tambayar ba ƙarama ba ce. In an ce sauƙi ne, za a ci gaba da sayen maganin da yawan shansa kan iya jawo gyambon ciki ko ya taɓa ƙoda. In an ce ba sauƙi ba ne, wajibi ne a sake dabara. Zazzaɓi da hawan jini suna da na'urorin awo, amma raɗaɗi da gajiya da damuwa ba su da ma'auni sai bakin majiyyaci. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Masana sun daɗe suna nazarin wannan matsala. A shekarar 1989, Roman Jaeschke da Joel Singer da Gordon Guyatt na Jami'ar McMaster da ke Kanada suka fito da batun mafi ƙanƙantar sauyi mai amfani, wato ɗan canjin da majiyyaci da kansa zai ji a jikinsa, wanda kuma ya isa dalilin sauya yadda ake kula da shi. Hanyarsu ita ce a kwatanta canjin maki da abin da majiyyata suka faɗa, ko jiki ya yi kyau, ko yana nan yadda yake, ko ya tsananta. A shekarar 2001, John Farrar da abokan aikinsa a Amurka suka bi irin wannan hanya da bayanan mutane kimanin 2,700 masu daɗaɗɗen ciwo. Suka gano cewa a ma'aunin 0 zuwa 10, sai ciwo ya ragu da kimanin maki 2, ko kashi 30 cikin 100, kafin majiyyaci ya ce lallai ya ji sauƙi sosai. Bisa wannan, saukowa daga 7 zuwa 6 ba ta kai ba.

Duk da haka, wannan adadi daga taron jama'a aka ciro shi, ba dole ne ya yi daidai da kowane mutum ba. Saboda haka likitan bai tsaya ga lamba ba. Ya ce, "Mama, me kike so ki iya yi wanda ciwon ya hana ki?" Ta ce, "In kai goshina ƙasa in yi sujada kamar kowa." Ya ce, "Kin fara iyawa?" Ta sunkuyar da kai. 'Yar ce ta amsa, "Likita, har yanzu a kan kujera Inna take salla."

Nan take ya rage maganin, ya tura ta sashen gashin ƙashi domin motsa gwiwar. Suka yi alkawari cewa a zuwa na gaba za a sake duba lamba, amma tambayar farko ita ce ta sujada. Ranar da goshin dattijuwar ya taɓa dadduma, ranar ce "da sauƙi" za ta tashi daga gaisuwa ta zama labari.